Sharaɗi Na Bakwai

Ranar da Yaya Babba ya yi mini murmushi, ranar hankalina ya tashi.

Shekara biyu ke nan da rasuwar ƙaninsa, mijina, kuma a duk tsawon lokacin nan ban taɓa ganin haƙoran mutumin nan ba sai in faɗa zai yi. Shi ne ya tsaya a tsakiyar falona ya rantse cewa muddin yana numfashi ba zan auri Dogo ba. Shi ne ya jajibo mini wani abokinsa manajan kamfani, mai tumbi da mota biyu, ya zaunar da shi a kujerar marigayi har sau huɗu, ina kawo musu ruwa ina haɗiye kuka.

Sai ga shi ranar Asabar da hantsi ya yi sallama, da leda a hannu, fuska a sake kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ƙanwata," ya ce yana gyara zama, "na yi tunani na ga ban kyauta ba. Yaron nan Dogo mutumin kirki ne. Aminin marigayi ne tun suna yara, wa ya fi shi cancanta? Me ake jira ne har yanzu ba a tsai da rana ba?"

Ƙanwata. Ni da a da sunana a bakinsa bai wuce "ke" ba.

"Yaya, ai kai ka hana."

"To na janye. Ɗan Adam ba ya kuskure ne?"

Ya miƙo ledar. Takalmi ne ja na 'Yar Baba, 'yata mai shekara shida, wadda ko ajin da take bai sani ba. Ta zura ƙafa, ya zauna mata daram kamar an gwada. Ya durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Gaya wa Baffa, wane launi kika fi so?"

"Ruwan hoda!"

"Madalla," ya ce, har da shafa mata kai.

Yana fita Umma, mahaifiyata da ta dawo wurina da zama tun bayan rasuwar, ta ɗaga hannu sama tana zuba godiya ga Allah.

Na ce, "Umma, ruwa fa ba ya tsami banza."

"Ke dai ba a iya miki! Ya hana kin yi kuka, ya yarda kin tsuke baki. So kike ki tsufa a ɗakin nan kina shinshinar rigunan mamaci? Allah ya sauko miki da mutum, ki ce alhamdulillahi ki yi shiru."

Na yi shirun, amma a baki kawai.

Domin akwai abin da ban gaya wa Umma ba. Wata takwas ke nan da Dogo ya sa mini zobe, kuma duk sanda na ɗauko maganar rana sai ya zame. Bari ya gama aikin tagogin da ya karɓa. Bari 'Yar Baba ta gama zangon karatu. Bari Yaya Babba ya huce. Na yi ta ba shi uzuri, don ina sonsa, so irin wanda ban zaci zuciyata za ta sake iyawa ba. Amma ranar nan da na kira shi da murna na ce Yaya ya sauko, ban ji murna a muryarsa ba.

"Ya sauko?" ya ce. "Haka kawai?"

"Ba ka ji daɗi ba ne?"

"Na ji. Sai mun yi magana."

Wanda ke so ya daina sauri, wanda ba ya so ya fara gaggawa. Na juya maganar nan ta kowace fuska. Mutanen nan biyu ko gaisawa ba sa yi, abu ɗaya ne kaɗai ya haɗa su a duniya, wato wasiyyar mijina.

'Yar Baba tana da wata uku ya rubuta ta. Na tuna har fushi na yi. Na ce, "Shekararka talatin da ɗaya, kana kiran mutuwa da bakinka?" Ya yi dariya ya ce gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. A cikinta ya naɗa Dogo wasiyyi, shi zai kula da gidan da ya bar wa yarinyar da karatunta har ta girma. Ranar da aka karanta, lauya na zuwa wurin nan Yaya Babba ya tashi ya bugi tebur, ya ce an fifita bare a kan jini, ya fice. Ni kuwa ina zaune ne kawai, kunnuwana sun toshe da kuka. Kwafin da aka ba ni yana cikin akwatin kayan marigayi, wanda har yau ban iya buɗewa ba.

Ranar Litinin na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, na nufi ofishin lauya.

Ofishin yana saman wani kantin magani, matattakalarsa ƙunci, ciki kuwa fayil-fayil ne ɗaure da zare har kusa da silin, ga wata fanka tana juyawa tana ƙara kamar za ta faɗo. Lauyan dattijo ne, tabarau rataye a wuya. Ya saurare ni, ya aiki sakatariyarsa ta ɗauko takardar, sannan ya dube ni ta saman ido.

"Ke ce ta biyu a watan nan da ta nemi takardar nan, 'yata."

"Wane ne na farko, yallaɓai?"

"Wan mijinki. Yana da haƙƙin gani, sunansa na ciki. Ya karanta sau biyu, ya karɓi kwafi, ya sauka yana gaisawa da kowa har mai gadi."

Sunansa na ciki? A ina?

Na ja takardar. Sharaɗi shida ne bugaggu da na'ura, tsaf-tsaf. Na bakwai kuwa da biro shuɗi aka ƙara shi a ƙasa, da sa hannun mijina a gefe, da na lauya, da na sakatariya. Na karanta a hankali, leɓena na motsi.

"Idan wasiyyi ya auri matata bayan raina, daga ranar ya sauka. Kula da gida da duk al'amuran 'yata su koma hannun yayana."

Sai na ga takalmi ja. Na ji muryar nan tana tambaya wane launi aka fi so. Biri ya yi kama da mutum.

Na san gidan Yaya Babba. Na san 'yar ƙanwarsu marigayiya da ya ɗauka da sunan riƙo, yarinya mai ƙoƙari da take zuwa ta ɗaya a aji, bai cika shekara ba ya cire ta daga makaranta ya ce ba shi da hali. Duk sanda na je gidan a bakin famfo nake samunta, hannunta cikin kumfa.

"Yallaɓai, zai iya raba ni da ita?"

"Kotu ba ta raba uwa da 'ya haka kawai. Amma gidan da kuke ciki, da makarantarta, da komai nata, sai da sa hannunsa. Kuma da ya zo ya tambaye ni yadda ake neman riƙon yarinya idan uwarta ta yi aure. Na ce masa ni ba lauyansa ba ne." Ya cire hularsa ya sosa kai. "Za ki iya ja da shi. Zai ɗauki shekaru, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Na karanta a gabanki, kina zaune a kujerar nan. Na kuma ba ki kwafi a hannunki."

Na sake duban layin nan biyu, sai wani abu ya tsaya mini a ido. Rubutun mijina kamar kaji sun yi tone-tone yake, ni kaɗai ke iya karantawa. Wannan kuwa dogo ne, a miƙe, kuma lambar bakwai ɗin an ja mata ɗan layi a tsakiya. Na san mai yin bakwai haka. Na sha ganinta a jikin gilashi, inda yake rubuta awo. Ita ce a katin da ya zo da zobena, wurin kwanan wata.

"Wannan ba rubutun mijina ba ne."

"Ban ce nasa ba ne. Na ce ya sa hannu a gabana, da hankalinsa, yana ma dariya."

"Wa ya rubuta?"

"Ai kin sani, 'yata. Ni shaida ne, ba mai ba da labari ba. Je ki ki tambaye shi."

Ban san yadda na sauko matattakalar nan ba.

Shagon Dogo na yankan gilashi ne, a bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da fenti. Na same shi shi kaɗai, ya sunkuya a kan babban teburin nan da aka shimfiɗa wa bargo, ya dafa ma'auni da hannu ɗaya, yana jan abin yanka da ɗayan. Na jira har ya kai ƙarshen layi ya ɓalle gilashin, ƙas. Ko a cikin fushi ban so in sa ya yanke ba, kuma hakan ya ƙara ba ni haushin kaina.

Ya ɗago. "Malama? Yau babu makaranta ne?"

Na shimfiɗa kwafin a kan bargon. Ya dube shi sau ɗaya, ya ajiye abin yankan a hankali. Bai tambayi ko mene ne ba.

"Rubutun wa ne?"

"Nawa ne."

Na zaci zai musa. Da ya musa, da na san inda zan sa shi.

"Wata takwas, Dogo. Wata takwas kana ce mini tagogi, kana ce mini zangon karatu. Ina ta tunanin ko wata ka samu, ko kuwa gidan ne ba ka so ya fita hannunka. Har na tsani kaina don na zarge ka. Ashe zargin nawa ma bai kai ba!"

"Zauna, don Allah."

"Ba zan zauna ba. Mutum ya ɗauki biro ya rubuta aurensa da matar amininsa, aminin yana raye, jaririyarsa na wata uku? Me kake nufi da ni tun lokacin? Kana shigowa gidana, ina zuba maka abinci, kana ɗaukar 'yata, ashe lissafin ranar kake yi?"

"A'uzubillahi! Kada ki faɗi haka." Muryarsa ta karye. "Ki zage ni da komai, ban da wannan."

"To gaya mini."

Ya jingina da bango, tsakanin manyan madubai, sai na riƙa ganinsa uku-uku, kuma ban san wanne ne na gaskiya ba.

"Sau uku marigayi yana roƙona in zama wasiyyi, sau uku ina ƙi. Ranar ya yaudare ni ya ce in raka shi karɓar takarda, sai ga mu a gaban lauya. Ya ce ba zai tashi ba sai na faɗi dalili. Na rasa mafita, na faɗa masa."

"Ka faɗa masa me?"

"Cewa ranar da ya fara ganinki a tashar mota, ni na nuna masa ke. Ni na fara ganinki. Na tsaya neman abin da zan ce, shi kuwa ya riga ya tsallaka titi." Ya goge fuska da bayan hannu. "Ban taɓa buɗe baki ba, Allah ne shaida. Na ce masa, ba a ba mutum irina amanar gidanka. In wani abu ya same ka, ban yarda da zuciyata ba, kuma mutane za su ce gida na bi."

Hawaye suka zubo mini, masu zafi. "Shi kuma ya ce me?"

"Dariya ya yi. Ya ce, 'Dogo, ai na daɗe da sani, shi ya sa ma na zaɓe ka. Wanda ya iya riƙe bakinsa shekara huɗu zai iya riƙe amana.' Sai ya miƙo mini biro ya ce in ina tsoron kaina, in gina wa kaina shinge da hannuna."

Muryar mijina ce sak. Haka yake magana, haka yake mai da komai wasa. Amma wa ya fi Dogo sanin muryarsa? In da zai ƙirƙira, ai haka zai ƙirƙira. Mutum ɗaya ne zai iya gaskata shi ko ya ƙaryata, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

"Na ji," na ce. "To Yaya Babba fa? Ga Umma, ga ƙanwar mijina, ga lauyan kansa. Duk duniya wa ya kawo sunan mutumin nan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Dogo, wa ya kawo sunansa?"

"Ni ne."



"Na duba duk wanda na sani," ya ce, "na zaɓi mutumin da ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan miƙa masa 'Yar Baba ba. Na ce in dai shi ne a bayan shingen, har abada ba zan tsallaka ba. Marigayi har ya riƙe ciki don dariya, ya ce wannan shinge da ƙaya ne. Ya sa hannu. Ya ce in ya cika arba'in za mu dawo mu gyara takardar gaba ɗaya. Mu duka mun ɗauka akwai lokaci."

"Kun yi wasa da 'yata. Ku biyu, a ofis, kuna dariya."

"Mun yi kuskure."

"A'a, shi ya yi kuskure. Kai fa? Kai da ka san abin da ka rubuta, me ya kai ka sa mini zobe?"

Mota ta wuce a titi, gilasan da ke jingine suka yi ɗan kaɗawa.

"Ranar da na zo na ga manajan nan a kujerar marigayi, kina miƙa masa ruwa, hankalina ya gushe. Na ce zan nemi hanya daga baya. Na je wurin lauya uku. Kowa ya ce sai dai kotu, kuma kotu sai an kira Yaya Babba, shi kuwa a lokacin bai san da sharaɗin ba. Na ji tsoron in tashe shi daga barci. Na yi ta jan lokaci ina addu'a."

"Ni kuma fa? Ni ma barcin kake so in yi ta yi?"

"Na ji tsoron ranar nan ta yau."

"Da na matsa maka fa? Da na ce lallai sai watan gobe, da ka gaya mini kafin a ɗaura, ko bayan?"

Na ba shi lokaci, Allah ya sani na ba shi. Na tsaya ina roƙo a zuciyata ya ce "kafin", ko da ƙarya ce.

"Ban sani ba," ya ce.

Wannan ce kaɗai maganar da na tabbata gaskiya ce a duk abin da ya faɗa, kuma ita ce ta fi ciwo.

Zoben ya ɗan matse ni, sai da na murza shi kafin ya fita. Na ajiye shi a kan takardar, daidai kan bakwai ɗin nan mai layi a tsakiya.

"Malama, ki ba ni wata uku. Wata biyu ma. Zan je kotun."

"Ka je. In ka dawo da takardar da ta goge wannan, ka san gidan. Amma ba zan sa 'yata a caca ba don ina sonka. Kuma ina sonka, Dogo, kada ka ɗauka ban so. Shingen da ka gina ka kasa tsarewa, ni zan tsare maka shi."

Bai biyo ni ba. Na ji daɗin haka, na kuma ji haushi.

Na yi kukana a mota, na share fuska kafin in sauka. Ina shan kwanar layinmu na hango motar Yaya Babba a ƙofar gida.

Suna falo. Umma ta baje katunan gayyata kala-kala a kan tebur tana zaɓe, bakinta har kunne. 'Yar Baba tana ƙasa da takalminta ja, riƙe da wata 'yar takarda irin ta masu fenti, mai layin launuka, tana zaɓar launin ɗakin da Baffa ya ce yana gyara mata a gidansa.

"Ga ta nan!" in ji Umma. "Zo ki gani, Yayanku ya ce shi zai ɗauki nauyin komai. Mako uku ya ce, me za a jira?"

"Sannu da dawowa, ƙanwata," ya ce. "Na biya makaranta na ɗauko miki ita, don in rage miki wahala."

"Wa ya ba ka izini?"

Umma ta zaro ido. Na wuce na ɗauki 'yata, duk nauyinta, na saɓa ta a kafaɗa. Na karɓi takardar fentin daga hannunta na miƙa masa da hannun hagu, da gangan, don ya gani da kyau.

Ya gani. Idonsa ya tsaya a kan yatsana, inda zobe ya bar farin zagaye. Na kalli murmushin nan na kwana uku yana zagwanyewa, har fuskar da na sani ta dawo.

"Ina zoben?"

"Na karanta na bakwai, Yaya. An fasa. Ɗakin da kake shafa wa fenti, ka ba wadda ke bakin famfo."

Umma ta saki salati, katunan suka zube daga cinyarta. Ya miƙe a hankali, ya ninke takardar fentin ya sa a aljihu, bai yar ba.

"Za mu gani," ya ce. "Ke yarinya ce, Dogo kuma namiji ne. Ni ban iya gajiya da jira ba."

Na tsaya ƙyam har na ji tashin motarsa. Sai a lokacin na zauna a hannun kujera, na rungume 'Yar Baba kamar za a ƙwace ta a take. Na ce wa kaina na yi daidai. Na maimaita har sau uku.

Ta ɗago ta shafa kumatuna da tafin hannunta, ta ga ya jiƙe. Sannan ta kawo baki kusa da kunnena, yadda take yi in za ta faɗi sirri.

"Mama, me aka fasa? Ni fa na riga na gaya wa 'yan ajinmu na kusa yin baba."